Jiragen da ke kai mutane tsibirin Komino: ƙaramin ya fi

Komino ɗan tsibiri ne tsakanin tsibiran Malta da Gozo a Bahar Rum, girmansa murabba'in kilomita 3.5 kacal. Jirgin ruwa iri biyu ke kai mutane can. Akwai ƙanana masu jigila daga Cirkewwa da Marfa a arewacin Malta, tafiyar minti 20 zuwa 25, ko daga Mgarr ta ɓangaren Gozo. Akwai kuma manyan jiragen yawon buɗe ido daga garin Sliema na Malta, masu kiɗa da abinci, waɗanda ke cin sama da awa guda a hanya.

Ƙaramin ya fi, saboda lokacin a hannunka yake. Tikitinsa na zuwa da dawowa ne, ka hau na farko da safe, ka koma sa'ad da ka ga dama. Manyan kuwa kusan tare suke isowa da hantsi, su juye jama'a lokaci guda a Blue Lagoon, shahararren wurin iyo na tsibirin, har wurin shimfiɗa tawul ya gagara. Aibin ƙaramin shi ne iska. In ta taso daga arewa maso yamma sai ya yi ta tangal-tangal, wani lokacin a soke tafiyar. Layin komawa da yamma ma yakan yi tsawo, don haka kada a jira na ƙarshe.

Tun watan Mayun 2025 ba a sauka a Blue Lagoon sai an yi rajista kyauta ta intanet an karɓi lambar QR, kuma mutum 4,000 ne iyaka a lokaci guda. A yi rajistar kafin ranar tafiya.

Ruwan kam garau yake, kana tsaye ya kai maka ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Amma rairayin bakinsa ɗan mitsitsi ne, sauran duk dutse ne mai kaifi, silifa ba ta jure masa. A zo da takalmin shiga ruwa mai tafin roba. Tsibirin Kominotto yana nan tsallake kamar ka miƙa hannu ka taɓa, sai dai ruwan da ke tsakani yana da ja, wanda bai ƙware a iyo ba ya tsaya cikin igiyoyin da aka kewaye wurin da su.

Da cunkoso ya fara, a bar wajen. Tafiyar kusan minti 20 a ƙafa za ta kai mutum hasumiyar Santa Marija da aka gina a 1618, daga kan gaɓar ana hango wani mashigin ruwa mai suna Crystal Lagoon a ƙasa. Mashigin Santa Marija da ke arewa ya fi natsuwa, ga ɗan yashi da bishiyoyi. Hanyoyin ba inuwa ko kaɗan, a riƙe hula da ruwa lita biyu ga kowa, domin a rumfunan bakin ruwa komai da tsada. Watan Yuni da ƙarshen Satumba sun fi Agusta daɗin tafiyar ƙasa.