Hattara da masu tallar albasar fulawa "daga Holan"

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu sha'awar shuka fulawa a tsakar gida. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan saboda kunya, don ni ce kullum mai yi wa ƙawayena faɗa kan sayen kaya daga hoto. Sai ga shi ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

A watan Afrilu talla ta faɗo mini a Facebook. Furen tulib ne, irin wanda ake nunawa a gonakin Holan, wani shuɗi shar kamar yanzu aka tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata, wani kuma fure ɗaya amma launi bakwai kamar bakan gizo. Ita wannan fulawar ba iri ake shukawa ba, wani dunƙule ne mai kama da albasa ake binnewa. Tallar ta ce guda 50, kai tsaye daga Holan, tana fure cikin mako 3 a kowace irin ƙasa, kuma rangwame zai ƙare da sha biyun dare. Na yi musu magana, nan take aka amsa da "Hajiya, saura kwali biyu." Na tura kuɗi, a asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ba na kamfani ba. Tun a nan ya kamata jikina ya ba ni.

Bayan kwana 9 direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Da na buɗe kwalin a gida, wari ne ya fara yi mini sallama, irin na albasar da ta kwana cikin leda. Na zazzage a faranti na ƙirga, 31. Mafi yawa ba su fi ɗan ƙaramin goro ba. Wasu in ka danna sai yatsa ya nutse, wasu sun yi funfuna a gindi, wasu kuma sakayau kamar ɓawon gyaɗa, ba komai a ciki. Babu takardar sunan iri, babu bayanin girma, babu adireshi. Duk da haka na ce bari in gwada sa'ata. Na sayi tukwane, na haɗa ƙasa da taki, ina ban ruwa safe da yamma. Guda huɗu ne suka leƙo da ganye ɗai-ɗai, siriri, kafin mako biyu rana ta ƙone su. Fure kam ko na rantsuwa.

Da na tura wa mai shafin hotuna, cewa ya yi na cika musu ruwa. Daga baya na ci karo da wata baiwar Allah da ita ma ta saya a wurinsu, ita kuma an ce mata ruwa ne bai ishe su ba. Da na matsa a mayar mini da kuɗina, sai aka toshe ni. To a nan wayon sana'ar yake. In takalmi aka aiko maka ba daidai ba, a ranar za ka gani. Albasar fulawa kuwa sai ka binne ta, ka jira wata biyu ko uku, kuma in ba ta fito ba kai da kanka za ka fara zargin hannunka.

Na ɗauki ragowar na kai wa wani dattijo mai sayar da fulawa a bakin titi nan Kaduna, wanda na daɗe ina sayayya a wurinsa. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu ya jinjina, ya ɓare ta da farce, ya nuna mini cikin ya yi ruwan ƙasa. Ya ce, "'Yata, wannan ai gawa aka sayar miki. Kuma ko mai rai ce, wannan fulawar ba ta ƙasarmu ba ce." Na ce, "Baba, ko da ban ruwa?" Ya yi dariya ya ce ba ƙishi ke damunta ba, sanyi take nema.

Gaskiyarsa. Tulib sai ta yi mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai kai digiri 9 ba kafin ta iya fure. Hunturunmu, duk kukan da muke yi da shi, bai kai nan ba. A Holan ana tone albasar a Yuni da Yuli, a shuka ta daga Oktoba zuwa Disamba, ta yi fure tsakanin Maris da Mayu. Ke nan abin da aka sayar mini a Afrilu kwantan bara ne, wanda lokacin shukarsa ya wuce da watanni. Sannan ana sayar da ita ne bisa girma, ana auna zagayen cikinta da santimita, shi ya sa za ku ga an rubuta 10/11, 11/12 ko 12/+ a jikin kwalin masu gaskiya. Ƙananan 'ya'yan kuwa manoma ware su suke yi su sake shukawa har su girma, don ganye kawai suke bayarwa. Na sa tef ɗin ɗinki na auna nawa, babbar cikinsu santimita 7. Shuɗin da ya tafi da hankalina kuma, babu tulib mai shuɗi na gaske, haka ma mai launin bakan gizo. Aikin kwamfuta ne, ko kuma rini aka shayar da furen da aka yanko.

Kada ma wani ya ce kalmar "Holan" ita ce shaidar inganci. A 2019 hukumomin birnin Amstadam da na garin Lisse, tare da ƙungiyar manoman albasar fulawa ta ƙasar, KAVB, suka bayyana sakamakon gwajin albasar da aka sayo a shahararriyar kasuwar fulawa ta Amstadam, wadda ke kan ruwa. Kashi 1 cikin 100 ne kawai ya yi fure. A can gidan tulib ɗin ke nan, ana damfarar masu yawon buɗe ido ido da ido, balle mu da ke jiran kwali a tasha.

Don haka kafin ku tura ko sisi, ku tambayi cikakken sunan irin, da girman albasar da santimita, da hoton ainihin kayan a hannun mai sayarwa, ba hoton gona ba. In ya ce daga waje ya shigo da su, ku nemi takardar hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai. Wanda ya ce muku fure ɗaya na yi a kowane yanayi, ku rabu da shi. Wadda kuma aka riga aka cuta ta adana rasit da hotunan hirar, ta kai ƙara banki da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya. Ni na kai wa bankina, har yanzu shiru.

Wani abu da ya fi asarar kuɗin tayar mini da hankali: ranar da kwalin ya zo na bar farantin a kicin, na dawo na tarar ƙanwata ta ɗauki wuƙa za ta yanka a miya, ta zaci ƙananan albasa ne. Waɗannan abubuwa na iya sa amai da ciwon ciki, kuma sau da yawa an yi musu feshin magani. Ku nisanta su da kicin da hannun yara.

Baba mai fulawa ya ba ni albasa uku manya na jan furen nan da Turawa ke kira amarilis, wanda ke son zafinmu, ya ƙara mini da gadali ɗaya kyauta. Biyu sun riga sun fito da kara. Shafin da ya cuce ni kuwa shekaranjiya na sake ganinsa, ya canza suna, hotunan nan dai su ne, har da "saura kwali biyu."