Part D ko Medicare Advantage, wanne za a ɗaukar wa su Baba?

'Yan uwa mazauna Amurka da iyayensu suka kai shekara 65 sun dame ni da tambayar nan, to ga yadda nake gani.

Part D inshorar magani ce zalla, ana ɗora ta kan Medicare na asali (inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta tsofaffi), kana biyan kuɗinta daban duk wata amma duk likitan da ke karɓar Medicare za ka iya zuwa wajensa. Advantage kuwa kamfani ne ke haɗa asibiti da likita da magani wuri ɗaya, sau da yawa kuɗin wata ba yawa, sai dai fa galibi likitocinsu za ka gani, wani aikin ma sai sun amince tukunna, nan ne ake shan wahala gaskiya.

Kuɗin insulin duk ɗaya ne a tsare-tsaren biyu, ba ya wuce dala 35 a wata. Amma kowane tsari da jerin magungunansa, a ɗauko kwalaben maganin hawan jinin Baba a duba suna ɗaya bayan ɗaya kafin 7 ga Disamba, ranar da ake rufe canjin tsari na shekara.

Mai yawo tsakanin jihohi ko mai likitan da ba ya son rabuwa da shi, Part D. Wanda ke zaune gari ɗaya yana lallaɓa aljihu, Advantage zai fi masa.