Tawadar Kon-peki bayan wata uku a alƙalamina

Wata uku ke nan ina rubutu da Kon-peki, ɗaya daga cikin tawadar Iroshizuku ta kamfanin Pilot na Japan. Tsaraba wani abokina ya kawo min, kwalba mai mililita 50. Kwalbar gilashi ce mai kauri da nauyi, har ƙanwata ta ɗauka ta sunsuna, wai ta zaci turare ne. A gindinta akwai ɗan rami inda tawadar ke taruwa in ta kusa ƙarewa, don bakin alƙalami ya samu abin zuƙa. Wanda ya taɓa karkata kwalba yana neman ragowar tawada ya san amfanin wannan.

Shuɗi ne mai haske, ba irin na biro mai duhun nan ba. Ya fi kama da sararin sama bayan an ɗauke ruwa da la'asar. Amma abin da ya sa nake son ta shi ne ba ta kwanciya bai ɗaya. A cikin harafi guda za ka ga sama ya yi haske, ƙasa kuma inda alƙalami ya tsaya ya yi duhu. Da na gwada ta a Tomoe River, wata takarda mai santsi 'yar Japan, na karkata shafin wajen taga, sai ga wani sheƙi ja-ja a gefen haruffan, sak irin wanda rawani ɗan Kura ke yi in ya sha bugu. Na daɗe ina juya takardar kamar yaro ya samu madubi.

A Lamy Safari, alƙalami irin wanda ake ɗura wa tawada, mai matsakaicin baki nake zuba ta. Tana gudu sumul, ba ƙarzar takarda, ba tsallake. Na taɓa ajiye alƙalamin a rufe kwana biyar cikin hunturu, da na ɗauka nan take ya kama rubutu.

Sai dai tawada mai ruwa-ruwa tana zaɓen takarda. A littafin rubutu mai arha da na saya a bakin titi, haruffan sun yi gashi-gashi, ta kuma yi naso har bayan shafi. A takarda mai santsi kuwa sai an ba ta lokaci ta bushe. Sau biyu garaje ya sa na goge layi da gefen hannuna.

Kamar yawancin tawadar rini, ba a yi ta don ruwa ba. Ran nan na dawo daga alwala ban goge hannu ba, ɗigo ɗaya ya mai da kalmomi uku gajimare. Tun daga ranar, takardar yarjejeniya ko rasit da biro nake sa musu hannu. Wasiƙa da littafin da nake rubuta al'amuran yau da gobe kuwa na bar wa Kon-peki, kuma har yanzu kwalbar ba ta kai rabi ba.