Mabuɗi ko tikitin wucin gadi: wanne ya dace da manhajarka wajen haɗa ta da AI?

Duk kamfanin da ke ba da hayar ƙirƙirarriyar basira (AI) ta intanet yana son sanin abu biyu kafin ya amsa wa manhajarka: wane ne kai, kuma aljihun wa za a caja. Shaidar da manhajar za ta nuna iri biyu ce. Akwai mabuɗin API (API ita ce ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da kamfanin), wani dogon rubutu da ba ya daina aiki sai ka kashe shi da hannunka. Akwai kuma tikitin wucin gadi, wanda kamfanin ke bai wa na'urar da ya sani, ya mutu da kansa bayan ɗan lokaci. Masu farawa sukan tsaya kwatanta farashin OpenAI da Gemini da Claude, alhali tambayar farko ita ce: a ina kod ɗinka zai zauna?

Mabuɗi ya fi sauƙi, ba gardama. A OpenAI yana farawa da sk-, ana tura shi a kan buƙata a layin Authorization bayan kalmar Bearer. Na Anthropic, kamfanin da ya yi Claude, yana farawa da sk-ant-, layinsa x-api-key ne, kuma dole ka haɗa da anthropic-version, in ba haka ba za a mayar maka da buƙatar. Na Gemini daga Google AI Studio ake karɓa. Cikin minti goma ka gama. OpenAI da Anthropic suna nuna mabuɗin sau ɗaya ne tak, lokacin da aka ƙirƙire shi; idan ka rufe shafin ba ka adana ba, sai dai ka yi sabo.

Babbar fa'idar da ba a cika faɗa ba ita ce yadda ake biya. A OpenAI da Anthropic ƙaramin mai amfani kuɗi yake zubawa tukuna, kamar katin waya. Ka sa dala 5 ko 20, ka kashe tsarin da ke sake cirar kuɗi daga katinka da kansa, to ko an sace mabuɗin, asararka ba za ta yi nisa da abin da ka zuba ba. Gemini kuma yana da matakin kyauta, mai kyau don gwaji, amma sharuɗɗan Google sun ba shi damar amfani da abin da aka tura ta wannan mataki wajen inganta kayansa. Kada bayanan majinyata ko na abokan ciniki su bi ta nan.

Matsalar mabuɗi ita ce duk wanda ya riƙe shi ya zama kai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka shi cikin manhajar waya. Mutum zai sauke fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhajar Android, ya buɗe shi da jadx, manhajar da ke warware kod, ya nemi haruffan sk-, sai ga mabuɗin a fili tsakanin alamomin zance. A shafin yanar gizo ma haka ne: duk abin da sunansa ya fara da VITE_ ko NEXT_PUBLIC_ ana cusa shi cikin kod ɗin da ke sauka a burauzar kowa, ko da a fayil ɗin .env, inda ake ajiye sirrin manhaja, ka rubuta shi. Sai kuma ɗora kod mai ɗauke da mabuɗin a GitHub, shafin da ake ajiye kod. Goge layin a gyara na gaba ba ya amfani, domin tarihin gyare-gyaren kod ɗin yana riƙe da shi, kuma akwai masu na'urorin da ba su da aiki sai tsintar irin wannan. Maganin guda ne: ƙaramar uwar garke, wato server, a tsakiya. Waya ta yi magana da uwar garkenka, ita ta tantance mai amfani, ta ƙayyade masa yawan buƙatu, sannan ta kira kamfanin da mabuɗin da ke ɓoye a wurinta.

Tikitin wucin gadi hanyar manyan nan uku ce: Google Cloud, AWS na Amazon da Azure na Microsoft. A Google Vertex AI ana ƙirƙirar asusun aiki a liƙa shi ga uwar garken, ɗakin karatun kod na Google ya riƙa karɓo tikiti mai rayuwar awa ɗaya yana sabuntawa ba tare da ka taɓa komai ba. A Amazon Bedrock ana bai wa na'urar matsayi mai izinin bedrock:InvokeModel a IAM, tsarin izini na AWS, kowace buƙata ta fita da sa hannu irin na SigV4. A Azure, Microsoft Entra ID ke ba na'urar shaida, sai ka ɗora mata matsayin Cognitive Services OpenAI User. Kyawun abin shi ne babu wani sirri da ke rubuce a fayil balle a sace. Claude ma ana samunsa ta Bedrock da Vertex AI, ga wanda ya riga ya zauna a can.

Amma wannan kyau yana tabbata ne idan kod ɗinka a gidan kamfanin yake aiki. Idan uwar garkenka a wani waje take, za a jarabce ka da sauke fayil ɗin JSON na asusun aikin Google, ko mabuɗin AWS mai farawa da AKIA. Nan fa an gudu ba a tsira ba: ka koma ga mabuɗi na dindindin, wanda kuma zai iya buɗe fiye da AI idan ka sake masa izini. Kuma waɗannan kamfanoni bayan amfani suke caja. Iyakar kasafin da ka saka a Google Cloud saƙon gargaɗi kawai take aikowa, ba ta tsayar da kashewa. A 2024 masu binciken tsaro na Sysdig sun bayyana yadda ake amfani da shaidun da aka sata wajen kiran manyan samfuran AI, suka ƙiyasta cewa mai asusu zai iya tafka bashin sama da dala 46,000 a rana guda.

Idan haɗin ya ƙi, lambar kuskuren tana faɗa maka inda za ka duba. 401 mabuɗi ne: an kashe shi, ko fili ya shiga ƙarshensa wajen kwafa. 403 an san ka amma ba ka da izinin samfurin ko yankin. 404 a Azure galibi saboda ka rubuta sunan samfurin ne a maimakon sunan da ka raɗa masa lokacin girkawa. 429 kuwa fuska biyu gare ta: ko ka wuce ƙa'idar buƙatu a minti, ko kuɗinka ya ƙare, wanda OpenAI ke rubutawa insufficient_quota. Na farko jira da sake gwadawa ke magance shi, na biyu ko ka kwana kana gwadawa ba zai motsa ba. AWS kuma na ƙin sa hannu idan agogon na'ura ya kauce da fiye da minti biyar, abin da kwamfutar da batirin agogonta ya mutu kan yi duk sanda aka ɗauke wuta.

Ga mai aiki daga Kano ko Maraɗi, da dala ake lissafi, don haka tambayi bankinka iyakar da katinka ke da ita a biyan waje kafin ka zaɓi tsarin biya a ƙarshen wata. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Azure da Google suna da cibiya a Johannesburg, AWS a Cape Town, sai dai ba kowane samfuri ake samu a can ba. Duba jerin yankin kafin ka yi wa wani alkawari.

Mai ƙaramar manhaja da uwar garke ɗaya, mabuɗin biya-tukuna ya ishe shi, muddin kowane aiki da nasa mabuɗin, na gwaji daban, na masu amfani daban. Wanda kod ɗinsa ke kan AWS, Google Cloud ko Azure ba shi da uzurin riƙe mabuɗi, ya koma tikiti. Idan kuma dole sai mabuɗi a Azure, suna ba da biyu ne da gangan, KEY 1 da KEY 2: ka mayar da manhajar kan na biyu, ka tabbatar tana amsawa, sannan ka sabunta na farko.