Tween a Photoshop ya hutar da ni, GIF kuma ya ci min launi

Gaskiya Tween ɗin nan na Photoshop, wato maɓallin da ke cike motsi tsakanin hotuna biyu, ya burge ni. Sana'ata haɗa wa 'yan'uwanmu masu shaguna a nan Madina tallar dabino da turare, su ɗora a WhatsApp idan 'yan Umara sun cika gari. Kawuna ya ce yana son kwalin ajwa ya shigo daga gefe, sunan shago kuma ya bayyana a hankali. Na buɗe Timeline, wurin jera hotunan motsi, na yi firem biyu kacal, wato hotuna biyu a jerin: na farko kwalin yana can bakin allo, na biyu yana tsakiya. Ina danna Tween na rubuta adadin firem ɗin da nake so a tsakani, sai ga su sun jeru reras. Na sa kowanne ya tsaya sakan 0.1, na zaɓi Forever don ya riƙa maimaitawa. Kwalin ya zame sumul, wallahi har sai da na yi dariya ni kaɗai.

Abu uku Tween yake iya cikewa: matsar da hoto, dusashewa ko bayyana, da kwalliyar da ake yi wa hoto irin su inuwa. Juya hoto ko ƙara masa girma ba aikinsa ba ne a tsarin firem, wannan sai ka koma ɓangaren bidiyo. Ni dai ya ishe ni.

Inda raina ya ɓaci wajen fitarwa ne. GIF, nau'in fayil ɗin hoto mai motsi da na fitar da tallar a ciki, ba ya ɗaukar launi sama da 256, tsari ne tun na 1987. Bangon hoton da na yi ruwan zinare yana narkewa zuwa ruwan ƙasa sai ya koma layi-layi, ajwar da ke sheƙi ta fito kamar gawayi. Kawu ya kalli wayar ya ce, “Yaro, wa zai sayi wannan? Ai sai a ce tsohon kaya ne.” Na kunna Dither, mai gauraya ɗigon launuka don ɓoye layi, layin ya ragu amma ɗigo-ɗigo ya cika hoton, fayil kuma ya yi nauyi.

A bidiyon MP4 na fitar daga baya ta Render Video, launi ya dawo daidai. Don rubutu da tambari mai launi kaɗan, GIF ɗin ya wadatar. Hoton abinci kuwa, kada ma ka ɓata lokacinka da shi.