Kafin hadari ya haɗo: keji da rigakafin da ya kamata ka saya wa kajinka

Bara waccan, a ruwan farko na watan Mayu, iska ta yaye rufin kejin kajina ta jefa shi bayan katangar maƙwabci. Da gari ya waye na tarar da 'yan tsaki goma sha ɗaya sun sandare a lungu ɗaya, uwarsu a jiƙe sharkaf. Kafintan ba shi da laifi. Sai da ya ce mini, "Malam, a ƙara katako biyu a sama," na ce a bari, ai kaji ne. Araha ba ta ado. Tun daga ranar nake kallon kayan kiwo da wani ido.

Mai kaji goma zuwa talatin a gida yana da zaɓi kamar huɗu. Akurkin laka irin na iyayenmu ba ya cin kuɗi, yana riƙe ɗumi da hunturu, iska kuma ba ta ɗaga shi. Matsalarsa marka. Ruwan Agusta yana cin gindinsa, cikinsa ya yi danshi, ga shi ƙofar ƙarama ce, hannu ba ya kaiwa a share. Tsagogin bango kuwa gidan ƙuma da kaska ne, su sha jinin kaza da dare har ta daina ƙwai. In akurkin za ka yi, ɗora shi kan tudu, a shafe gindin da siminti, a bar ƙofa ta biyu don shara.

Kejin katako da waya mai ƙafafu shi na fi ba mutane shawara, amma da sharaɗi. Ƙafafun su kai kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga ƙasa, don ruwan da ke kwanciya a tsakar gida ya wuce ta ƙasa, kashi kuma ya zube. A binne ƙafafun a cikin ƙasa ko a kafe su da siminti, domin keji mara nauyi iska tana kifar da shi da kajin a ciki. A shafa musu baƙin mai saboda gara. Na ƙarfe da masu walda ke yi ya fi ƙarko, ɓera ba ya huda shi, sai dai tsada, kuma in ba a yi masa fenti ba kashin kaji yana cinye shi da tsatsa. Ɗakin bulo sai wanda ya yi niyyar wuce kaji hamsin; ga mai goma sha biyu ɓarnar kuɗi ce.

Ko wanne ka zaɓa, ka lura da inda ya fuskanta, wannan ba ya cin ko sisi. A ƙasar Hausa hadari mai iska daga gabas yake tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa. Saboda haka bangon gabas ya zama rufaffe ruf, ragar waya da ƙofa su kalli yamma ko kudu. Bango ɗaya ya tare maka damina da sanyi gaba ɗaya. Magina na dā sun san wannan sarai.

A kan rufi nake so in daɗe, don nan aka fi yin asara. Kwano ba ya yoyo, amma a watan Afrilu yana mai da keji tanda, kuma iska ta fi son sa: tana shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga. Maganinsa ƙusa mai hula a jere kan kowane katako, sannan a ɗaure katakon rufin da jikin kejin da waya mai kauri. Ɗora duwatsu da tsohuwar taya da muke yi dabarar wucin gadi ce, ran da iska ta yi ƙarfi dutsen kan kajin zai faɗo, ko kan yaro. Ciyawa tana da sanyi, ba ta da tsada, amma duk shekara ko biyu sai an sake, kuma ɓera yana son ta. Ni na haɗa biyun, kwano a ƙasa, zana a shimfiɗe a sama an ɗaure. Bakin rufin ya zarce bango da kamar kamu biyu don feshi. Leda ba rufi ba ce, rana tana busar da ita ta yage. Amfaninta labule, ita ko buhu, a sauke in hadari ya taso a naɗe in ya wuce. Kar a bar shi a sauke kullum. In ka leƙa keji warin kashi ya sa idonka yaji, kajin sun riga ka shan wahala, kuma daga nan ciwon numfashi yake farawa.

Wayar ma iri biyu ce. Mai manyan idanu mai laushi tana hana kaza fita ne kawai. Mai ƙananan idanu, kamar rabin inci, ita ce ke hana ɓera da maciji da tsuntsayen waje shiga. Sayi ta biyun ko da ƙasan kejin kaɗai za ka zagaye. Don shimfiɗa, ɓuntun shinkafa busasshe ya fi garin katako mai laushi, wanda 'yan tsaki ke ci su shaƙe. Kada manyan kaji su wuce uku ko huɗu a murabba'in mita ɗaya.

Yanzu maganar cuta. Abin da ya fi ƙarar da kajin gida shi ne cutar Newcastle, wadda wasu ke kira fakat: koren zawo, kaza ta saki fukafukai kamar ta yafa mayafi, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Ta fi tsanani da hunturu. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafson nan ja da yalo da ake farkewa a zuba a ruwa ba ya taɓa ta. Barkono da maɗaci da gautan kaji da gwaggona ke jiƙawa ma ban ga sun tsayar da ita ba, duk da ban taɓa iya faɗa mata haka ba. Rigakafi ne kaɗai.

Nan zaɓi biyu ne. LaSota ita ce ta cika shagunan magungunan dabbobi, tana aiki sosai, amma dole ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har hannunka. A garin da wuta ke kwana biyu ba ta zo ba, ka tambayi mai shago da me yake riƙe firjinsa, ka tafi da kula da ƙanƙara. In ya miƙo maka kwalba daga kan kanta, ka bar masa abarsa. Ɗaya kuma ita ce I-2, wadda aka samar a Ostareliya domin kajin ƙauye, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ma tana yin ta. Ta fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ƙarami, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Ga kajin da ke yawo a gida ita na fi so, don ka tabbatar kowace ta samu. In a ruwan sha ne wata ta sha da yawa, wata ta je kwata ta sha. Jure zafi ba ya nufin a ajiye ta a rana. Duk wadda aka haɗa a yi amfani da ita nan take, kuma ba da ruwan famfo mai kulorin ba, yana kashe ta. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sai ku haɗa kuɗi da maƙwabta a yi rana guda, kafin sanyi ya shigo. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Da damina kuwa zawon jini ne ke kama ƙanana in shimfiɗa ta jiƙe. Wannan yana jin magani, amprolium a ruwan sha, ya kamata ya kasance a gida tun kafin marka. Ƙurajen da ke fitowa a tukku da fuska sauro ne ke yaɗa su, rigakafinsu a fatar fiffike ake tsira shi. Cutar Gumboro tana kashe 'yan mako uku zuwa shida, ta fi damun masu sayen 'yan tsakin kamfani irin su Noiler ko ShikaBrown ta cibiyar Shika da ke Zariya. In irin waɗannan za ka saya, tambayi abin da aka riga aka yi musu da ranar da aka yi, a rubuta maka. Kajin Hausa sun fi jure wahala, amma fakat ba ta ƙyale su.

Abu na ƙarshe da zan ce ka saya shi ne ƙaramin keji na biyu, ko da kwando ne. Duk kazar da ta zo daga kasuwa, ko aka kawo kyauta, ta yi mako biyu a ciki nesa da sauran. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba, kuma ba ta da magani. In ka ga kaji suna faɗuwa da yawa a yini ɗaya, tukkunsu ya yi shuɗi, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A binne su da zurfi, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.