Na raba Vespar mahaifina da kwantak: abin da na gani bayan wata 20

Vespar da nake hawa ta girme ni da shekara uku. Super 150 ce, mai ƙananan tayoyin nan na inci 8, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya a 1975 da ariyas ɗin Udoji, lokacin yana koyarwa a firamare. Bayan rasuwarsa ta daɗe a zaure lulluɓe da tsohuwar tabarma. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, shan man mota ya fi ƙarfin albashina, sai na jawo ta tsakar gida, na wanke tanki da kafireto, na zuba sabon baƙin mai a giya, ta tashi. Tun ranar ni nake gyaranta da hannuna, yawanci ranar Asabar bayan la'asar.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat a watannin farko, wato wuta. Wannan inji da kwantak da kwandansa yake aiki, a bayan maganeto. Kwantak ɗin wasu 'yan ƙarafa biyu ne da suke haɗuwa su rabu a duk juyin inji, a daidai rabuwar tasu fulogi yake ba da tartsatsi. Tazarar da ake so tsakaninsu milimita 0.3 zuwa 0.5 ce, kuma ba ta zama wuri ɗaya: bakinsu yana cinyewa, ƙurar hunturu tana shiga, ɗan dunduniyar da ke gogar maganeto yana lisawa. Duk wannan mai sauƙi ne, samfefa da sukundireba sun isa. Kwandansa, 'yar gwangwanin nan da ke taimaka wa kwantak wajen ba da wuta, ita ce ta gajiyar da ni. Ta asali ta mutu, na sayi sababbi har uku cikin wata biyar, kowacce sai ta yi lafiya da sanyin safiya, da inji ya ɗau zafi sai ya fara tari yana harbi ta salansa, ya mutu a tsakiyar titi. Ranar da na tura ta daga Kofar Nassarawa har gida da azumi a bakina, ranar na yanke shawarar sayen abin da nake wannan sharhi a kansa.

Kayan juya wuta ne zuwa na lantarki mai bolt 12, ƙirar Indiya, wanda ba ya buƙatar batir. A cikin kwalin akwai sabon maganeto da fankarsa, da farantin kwayil da ke zama a bayansa, da baƙin akwatin CDI mai haɗe da wayar fulogi, wanda shi ke ba fulogi wuta a sabon tsarin, da regileta mai daidaita ƙarfin wutar fitilu, da 'yan wayoyi. Kasancewarsa na Indiya bai dame ni ba, don kamfanin Bajaj na Indiya sun ƙera Vespa da lasisin Piaggio, masu Vespa na asali, har zuwa 1971, kamfanin LML na can ma sun yi shekaru suna ƙera samfurin Vespa na baya-baya mai suna PX, shi ya sa galibin kayan tsofaffin Vespa da ke kasuwanninmu daga can suke fitowa. A wani shago a Sabon Gari na saya, kuɗinsa ya kai na mai da nake sha a wata biyu. Mai shagon ya ce min, "Alhaji, ɗorawa kawai za ka yi ka buga kik." Wannan magana tasa ita ce babban kuskuren da ke tattare da kayan, kuma na tabbata ita ta sa wasu suka lalata injinsu suka ce kayan banza ne.

Tun a shago akwai abin da za ka duba. Bakin karanshaf na Super da Sprint ya fi na PX siranta, saboda haka maganeton PX ba zai zauna a kansu ba. Na tafi da tsohon maganetona a buhu, muka gwada ramukan biyu ido da ido kafin na biya. Wani abin kuma, tsohon maganeto yana da zoben ƙarfe a gaban notinsa, idan kana kwance notin shi da kansa yake turo maganeton waje. Sabon ba shi da wannan dabara, sai da abin zaro shi na musamman mai zare, kuma babu shi a kwalin. Ka saye shi a ranar. Kada ka yarda a sa guduma ko a ɗana sukundireba a bayansa, murfin injin alminiyam ne, idan ya tsage ba ka da inda za ka samu irinsa cikin sauƙi.

Da na buɗe kayan a gida na shimfiɗa su a kan buhu, ban sami ko fallen takardar bayani ba. Na ɗauko mita na auna kwayil: tsakanin koriyar waya da fara ya ba ni kusan om 500, tsakanin ja da fara kusan 110, wanda shi ne abin da ake tsammani daga irin wannan faranti. Amma da na ɗan ja wayoyin, ɗaya ta ciro daga inda aka liƙa ta, dalmar ko kama ta ba ta yi ba. Na sake liƙe dukkansu. Da ban taɓa su ba, da a hanya za ta saki, ni kuma in yi ta zargin CDI.

Da na cire tsohon faranti na tarar bayansa ya jiƙe da mai. Robar da ke toshe bakin karanshaf ce ta bushe, iska na shiga inji ta nan. Na canza ta tunda wurin a buɗe yake. Duk wanda injinsa ke ƙara gudu da kansa a tsaye, ya fara duba nan, sabuwar wuta ba ta maganin wannan.

Sai zaman maganeton a kan karanshaf. Akwai ɗan ki mai siffar jinjirin wata da ke shiga tsakaninsu, mutane da yawa suna zaton shi ke riƙe maganeto. Aikinsa kawai ya nuna masa mazauni; abin da ke riƙewa shi ne manne bakin karanshaf da ramin maganeto su kama juna ƙam. Na shafa alli na gwada, na ga gefe ɗaya kaɗai suke taɓa juna. Na cire kin, na shafa man gurza bawul kaɗan, na yi ta murza maganeton hagu da dama kamar minti goma, na wanke da kalanzir sosai, sannan na mayar da ki na ɗaure noti da ƙarfinsa. Wani dattijon bakanike a unguwarmu, wanda ya yi wa mahaifina gyara tun ina ɗan makaranta, shi ya koya min wannan. Na ce masa, "Baba, sabo ne fa, daga kwali na ciro shi." Ya ce, "Yaro, sabo ne a wurinka, amma ita ba ta san shi ba. Sai ka haɗa su sun saba."

Yanzu ga inda aikin yake, wato saita lokacin wuta. Ƙa'idar Super 150 ita ce tartsatsi ya tashi digiri 22 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Farantin da na saya yana da wani ɗan zane a gefe, wai a daidaita shi da na jikin inji. Na daidaita, na buga kik, ta tashi a bugu na biyu, raina ya yi fari. Amma na lura kik ɗin yana dukan ƙafata, kuma da na zagaya unguwa na ji wani ƙaras-ƙaras a kan silinda idan na ja mai a giya ta uku. Wannan alama ce ta wuta ta yi gaba da yawa. Injin da iska ke sanyaya shi, a zafin Kano na watan Afrilu, idan aka bar shi a haka fistin ne zai huje.

Ga yadda na auna, da kayan da kowa zai iya samu. Na fasa farin tangaran na wani tsohon fulogi, na zura dogon ƙusa mai zare a ciki na ɗaure, na mayar da shi ramin fulogi. Na juya maganeto da hannu a hankali har fistin ya tokare shi, na yi alama. Na juya baya har ya sake tokarewa, na yi wata. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa. Na karɓi tef ɗin awon ɗinki na uwargida, na auna kewayen maganeto, na raba gida 360, na san tsawon digiri ɗaya, na zana layin 19 da na 22 da farin fenti. Fitilar saita wuta, mai walƙiya duk lokacin da fulogi ya ba da tartsatsi, na aro ta wurin wani mai wayarin mota, muka jona ta da batirin motata. Abin da ta nuna ya wuce digiri 25. Zanen da ke jikin farantin bai yi daidai ba ko kusa.

Gyaran shi ne a sassauta sukurori uku, a murza farantin yadda hannun agogo ke tafiya don a jinkirta wutar, a mayar da maganeto, a sake haskawa. Sau uku na cire na mayar kafin ta tsaya a 19. Na zaɓi 19 maimakon 22 da gangan, saboda zafin garinmu da kuma fetur ɗin da ba kullum ake samun mai kyau ba. Ta ɗan rage zafin nama a tashin farko, amma ƙarar nan ta ɓace, kuma bakin fulogi yana fitowa ruwan ƙasa kamar yadda ake so.

Wayarin ya ci min yini guda. Duk ƙwayayen fitila sai an canza su zuwa bolt 12, da ham. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne fitilar birki: na gama haɗawa sai ga ta a kunne, in na taka birki ta mutu. Ashe makunnin birki na tsohon tsari a rufe yake zama, takawa ce ke buɗe shi, sabon tsari kuwa akasin haka yake so. Makunnin ba shi da tsada, amma shi ma babu shi a kwalin, babu kuma wanda ya gaya min. Regileta na ɗaure ta a cikin akwatin kaya na gefen hagu, na kankare fenti a wurin don ta taɓa ƙarfen jiki sosai.

To, bayan wata 20 ina hawa kusan kullum daga gida zuwa wurin aiki, me na samu? Tashi dai ya zama bugu ɗaya ko biyu, ko da asubar hunturu, in na ja cok. Ban sake buɗe bayan maganeto ba tun ranar da na rufe shi, alhali da duk sati biyu sai na leƙa. Fitilar gaba ta tashi daga wat 25 zuwa 35, kuma ba ta ƙona ƙwai idan na ja mai, abin da tsohuwar ta saba yi. Wanda ya taɓa dawowa daga Wudil bayan magariba da fitilar bolt 6, wadda haskenta bai fi na aci-balbal ba, ya san darajar wannan. Fulogi ma ya daina yin baƙi da wuri.

Shan mai kuwa bai canza yadda zan iya rantsewa a kai ba. Mai shagon ya ce zai ragu, ni ban gani ba. Har yanzu ina haɗa man 2T mililita 20 a kowace lita ɗaya ta fetur, da sirinji nake aunawa, kuma tankin yana kai ni kwanakin da ya saba kai ni.

Sau ɗaya ta ba ni kunya, kuma ya kamata a san shi. A wata na takwas da ɗora kayan, da damina, a hanyar Bichi, ta ɗauke ɗif kamar an kashe makunni. Babu tari, babu gargaɗi. Akwatin CDI ne ya mutu. A nan na gane abin da na bayar na karɓi sauƙi. Kwantak in zai mutu yana yi maka sallama tun kwana uku, kuma a gefen titi da ɗan samfefa da takardar kwalin ashana za ka lallaɓa shi ya kai ka gida. Wannan baƙin akwati a toshe yake da roba, babu abin da hannu zai yi masa. A bayan a-kori-kura muka dawo. Sa'ar da aka yi, irin na PX ne, ana samunsa. Na sayi biyu, na ɗaura ɗaya a inda iska ke bugunsa nesa da zafin silinda, ɗayan na naɗe shi a tsumma yana cikin akwatin gefe tare da fulogi da wayar kuloci. Wanda na ɗaura ya shekara yanzu bai yi ko tari ba.

Wa zan ce ya saya? Wanda Vespa ce ƙafarsa, da ita yake zuwa kasuwa ko ofis, kuma yana da haƙurin auna lokacin wuta ko yana da bakaniken da zai auna a gabansa da fitila. In bakanike ya ce maka da kunne yake saitawa, kunne yana da amfani a kafireto, amma a nan ka nemi fitila. Wanda kuwa ya ajiye tasa don hawan Juma'a da Sallah, kwantak ɗinsa na asali lafiya lau, kwandansarsa ba ta ɗaukar zafi, ban ga dalilin da zai taɓa ta ba.

Tsohon maganeton da farantinsa ban sayar ba, ko da yake masu gwangwan sun taya. Na wanke su, na shafe da baƙin mai, na sa a tsohuwar jakar makarantar mahaifina. A jikin farantin akwai wani ɗan zane da aka yi da bakin ƙusa, daidai inda yake saita shi. Da na nuna wa Baba bakanike, ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ce shi ya zana shi, a shekarar da aka yi canjin kuɗi na 1984.